Wasiƙa daga Texas kan hauren giwa da ƙahon sa

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da iyali da su Baba. Ya aikin maƙera? Allah ya ƙara albarka. Na ga hoton wuƙaƙen da ka yi wa mariƙi da ƙahon sa, kuma su suka sa na ɗauki alƙalami, domin nan Texas akwai masu sana'ar da ta yi kama da taka. Aikinsu sassaƙa mariƙin ƙaramar bindiga, wato ɓangarori biyun nan da ake ɗaurawa a gindin libarba.

Abin da suka fi daraja shi ne hauren giwa. Na taɓa riƙe wata tsohuwar libarba ƙirar kamfanin Colt mai irin wannan mariƙi, kuma gaskiya abin yana da kyau. Yana da santsi amma ba ya zamewa ko hannu ya yi gumi, kuma da tsufa sai ya rine ya koma ruwan zuma. Janar George Patton, na yaƙin duniya na biyu, ya shahara da libarba mai mariƙin haure wadda ya saya a 1916, har yau ana kwaikwayonta. Aibin hauren shi ne ba ya son bushewar iska, yakan tsage.

Kyan nan kuwa giwaye ne suka biya kuɗinsa da rayukansu. A 1989 yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji da tsirrai a duniya, ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe, amma kisan bai tsaya ba. Ƙidayar da aka fitar a 2016 ta nuna giwayen dajin Afirka sun ragu da kashi 30 cikin ɗari daga 2007 zuwa 2014. A 2016 ɗin ne Amurka ta kusan rufe cinikin haure gaba ɗaya, Sin ta rufe kasuwarta a ƙarshen 2017. Ka tuna yadda aka niƙe tan biyu da rabi na haure a Abuja a Janairun 2024. Duk lokacin da na ga mariƙin haure, giwayen Yankari nake tunawa.

Da aka toshe wannan ƙofa sai masu sana'ar suka koma wasu. Akwai hauren mamot, wata giwa mai gashi da ta ƙare tun dubban shekaru, ana tono shi daga daskararriyar ƙasar Saberiya. Masana suna bambance shi da na giwa ta zanen da ke cikinsa idan an yanka: na mamot layukan suna haɗuwa a tsuke, na giwa a buɗe. Duk da haka 'yan sumoga kan fake da sunansa, shi ya sa jihohi irin su New York da Kalifoniya suka hana har shi. Akwai ƙahon barewar Indiya da ake kira samba, da ƙahon ɓaunar Asiya, da katako iri-iri.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne ƙashin raƙumin dawa. Yana da kauri, ana rina shi ya yi kama da tsohon haure, don haka kasuwarsa ta buɗe. An shigo da sassan jikin dabbar nan kusan 40,000 Amurka tsakanin 2006 da 2015, sai a 2019 CITES ta sa ido a cinikinta. An bar giwa an kama wata baiwar Allah.

To ga abin da nake so ka ji. Ƙashin raƙumi da na saniya da ƙaho, waɗanda ke zube a bayan kwata a wajenmu, su ma ana yin mariƙi da su a nan, kuma ana sayensu da daraja. Sukan dafa ƙashin su cire maiƙo, su shanya, su ɗura masa wani irin danko don kada ya tsage, sannan su goge. Ka gwada wannan a wuƙaƙenka da takubban hawan sallah. Idan wani ya kawo maka haure ko haƙorin dorina, don Allah ka mayar masa.

Ka aiko mini da hoton abin da ya fito. A gaishe da Inna da yara.

Naka,
amininka na kullum