Maganar Gida Sai Ƙanƙara Ta Narke

Brooklyn Park, Minesota, Amurka
Disamba, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da iyali da duk mutanen gida. Yaya sanyi? Na san yanzu hazo ya rufe Zariya. Don Allah a riƙa ɗora wa Hajiya ruwan alwalar asuba, ka san yadda ƙirjinta yake yi da hunturu. Mu ma nan lafiya lau, maman yara da yaran duk suna gaishe ku.

Saƙonka na murya ya iso. Na fahimci abin da ka faɗa, na kuma fahimci wanda ka yi mini kara ka bari. Kawu yana ganin tun da na ce zan sayar da gidan nan in aiko da kuɗin rufin ginin Hajiya na Hanwa, shirun ya yi yawa. Yana da damar ya tambaya. Waya ba ta ɗaukar dogon bayani, shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta wa Hajiya, ka kuma nuna wa Kawu. Niyyata tana nan yadda take. Lokaci nake jira, kuma lokacin shi ne watan Afirilu, in Allah ya kai mu.

Yanzu haka dusar ƙanƙara ta binne komai. Rufin gidan ba a ganinsa, filin baya da maman yara ta sha wahalar gyarawa ba a ganinsa, itatuwa duk sun kaɗe. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi, mai son ganin gida in ya tashi daga aiki a cikin duhu zai iso. A Janairu sanyi yakan wuce maki 20 ƙasa da sifiri, ba wanda zai ɗebo mata da 'ya'ya yana yawon duba gidaje sai wanda dole ta sa. Ga shi tun daga bikinsu na godiya a ƙarshen Nuwamba har zuwa sabuwar shekara hankalin mutane yana kan tafiye-tafiye da sayayyar Kirsimeti. Sa gida a kasuwa a wannan lokaci daidai yake da kai rago kasuwa washegarin Layya. Za a taya, amma tayin wanda ya san a matse kake.

Abin da ya fi sanyin ma muhimmanci shi ne wane ne mai saye. Unguwarmu a wajen birnin Miniyapolis take, kuma gida mai ɗakunan kwana huɗu da gareji a irin wannan wuri magidanci mai yara ne yake nemansa. A ƙasar nan, galibi adireshinka ne yake nuna makarantar gwamnatin da ɗanka zai shiga. Makarantun jihar nan suna rufewa a farkon Yuni, yawancinsu kuma ba sa komawa sai farkon Satumba, don haka kowane uba a cikin wannan dogon hutu yake so ya yi ƙaura, kada ya cire yaro daga aji ana tsakiyar karatu. To, ka lissafa da baya. Nan ba a cewa an sallama a miƙa mabuɗi. Bayan an daidaita a kan farashi, mai saye zai kawo ƙwararre ya bincike gidan tun daga rufi har injin ɗumama ɗaki, bankin da zai ba shi bashi kuma ya aiko nasa mutumin ya ƙiyasta darajar gidan. Kafin a sa hannu a takardun ƙarshe akan ɗauki kwana 30 zuwa 45. Wanda yake son tarewa a Yuni ko Yuli, tun Maris zuwa Mayu yake fita nema. A daidai lokacin ne kuma mutane da yawa suke karɓar rarar harajin da gwamnati take mayar musu, tun da 15 ga Afirilu ake rufe shigar da takardun haraji, sai a samu ɗan abin ƙarawa a kan kafin alƙalami. Ga rana ta yi tsawo, ciyawa ta yi kore. Idan mutum uku suka so gida ɗaya a mako guda, su da kansu suke ɗaga farashin.

Na san Kawu zai ce a sa shi yanzu mana, in bai fita ba ai yana nan har Afirilun. Nan ne haɗarin yake. Duk gidan da aka sa a kasuwa yana bayyana a intanet, a shafuka irin su Zillow, da yawan kwanakin da ya yi, da duk ragin da aka yi masa. Mai saye yana ganin gida ya kwana ɗari bai fita ba, zai ce akwai abin da wasu suka gani suka gudu. Gida in ya yi kwantai, ragi ne kawai yake tayar da shi. Makonni biyun farko su ne kasuwarsa, ba na so in ƙone su a cikin ƙanƙara.

Dillaliyar da nake aiki da ita ba ta ɓoye mini ɗaya ɓangaren ba. Mai neman gida a hunturu da gaske yake yi, kuma masu sayarwa kaɗan ne, alhali a Afirilu maƙwabta ma za su fito da nasu. Da canjin wurin aiki ne ya taso ni, da na sayar yanzu ban waiwaya ba. Amma ba abin da yake kora ta, auta ma sai Yuni take gama sakandare. Sannan masu saye sun zama masu taka-tsantsan. Yawancinsu da bashin banki mai ruwa suke saye. A 2021 ruwan bai kai kashi 3 cikin ɗari ba, a Oktoban 2023 ya kusa kashi 8, yanzu ma yana sama da 6. Wanda zai yi shekara 30 yana biyan irin wannan ba ya saye da garaje, gara ya tarar da gidan a lokacin da ya fi kyau.

Ina so kuma a sani tun yanzu cewa ba duk kuɗin da aka sayar ne zai shigo hannuna ba, kada wani ya ji farashi ya buga shi da canjin naira. Ka tuna ta hanyar musharaka muka saya don guje wa riba, kamfanin yana da sauran kasonsa, shi za a fara cirewa. La'adar dillalai takan kai kashi 5 zuwa 6, ga kuɗin takardu, ga harajin gida da ake biya 15 ga Mayu. Sauƙin da Allah ya kawo shi ne, dokar ƙasar ta yafe wa mata da miji haraji a kan ribar da ba ta wuce dala 500,000 ba, muddin sun zauna a gidan shekara 2 cikin 5 na ƙarshe, mu kuwa ribarmu ba ta ko kusa da haka. A lissafina kuɗi ba zai zo ba sai ƙarshen Yuni ko farkon Yuli.

Wannan shi ne abin da yake damuna, domin a lokacin damina ta kankama a Zariya, kuma ba na so ginin Hajiya ya sake shan ruwan Agusta a buɗe. Shi ya kawo ni ga tambayarka ta biyu, ko a dakatar da sayar da gidan gado na Palladan har in zo. Kada a jira ni, Yaya. Tun da duk magada sun amince, naku lokacin yanzu ne. An gama kaka, manoman Giwa da Soba da Maƙarfi sun fara sayar da amfani, kuɗi yana hannun mutane, kuma da yawa wanda ya samu albarkar gona gida yake nema a gari. Hanyar unguwar ta bushe, mota za ta shiga har ƙofa. Azumi zai kama wajen tsakiyar Fabrairu, daga nan hankali ya koma kan cefane da kayan Sallah, sai hidimar alhazai, sai kuɗin taki. Abin da ba a yi ba kafin azumi, ina tsoron sai wata kakar. Gidan kuma yana da abin da yake sayar da shi: kusa yake da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, yana kan hanyar Samaru, ba ya rasa 'yan haya daga ma'aikata da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello.

Sai dai ina roƙon abu ɗaya. Rani yana rufa wa gida asiri, mai saye ba zai ga yadda ruwa yake kwanciya a bayan katanga ba, ko yoyon ɗakin ƙurya. A gaya masa. Ɓoye aibi a ciniki haramun ne, kuma wannan dukiyar Baba ce, da haƙƙin marayun 'yar'uwarmu a ciki. In an rage mana wani abu saboda gaskiya, Allah zai sa albarka a sauran.

Ka tsaya a kan dillali ɗaya da ka yarda da shi, a yanke la'adarsa tun farko. In suka yi yawa kowa zai ɗora nasa, farashi ya kumbura, masu saye na gaskiya su janye. A duba takardun a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, kafin a karɓi ko sisi, a ba 'yan haya wa'adinsu yadda ya kamata, kuɗi kuma ya bi ta banki. Ranar sa hannu a samu mai unguwa da shaidu, kowane magaji ya sa hannunsa, matan ma da kansu, kada a ce wani ya wakilce su ba da saninsu ba. Rabon kuwa a kai shi gaban malami ko alƙali.

Zan aiko maka da takardar wakilci a cikin makon nan. Duk abin da ya faɗo a kasona, kada a turo mini. A sayi kwano da katako tun kafin masu gini su yi rububin su gab da damina, a kira kafinta, a rufe ginin Hajiya kafin ruwan Mayu. Idan kuɗin gidana na Amurka ya fito, sai a yi filasta da ƙofofi da wuta da rijiyar burtsatse da shi. In kasona bai kai rufin ba, ka faɗa mini cikon, zan nema daga albashi.

Ka gaishe mini da Hajiya ƙwarai, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. Ka gaishe da Kawu, ka ba shi haƙuri a kan shirun. A gaida Gwaggo ta Tudun Wada, da maman yaranka, da 'yan makaranta. In ka yi magana da dillalin, ka sanar da ni nawa aka fara tayawa.

Wassalam,
Ƙaninka.