Lahadin Jinƙai ta ɗaga min zuciya amma ina tsoron komawa gidan jiya

Baba Fada barka da aiki, da fatan an yi Ista lafiya. Dan Allah a sakaya sunana saboda 'yan cocinmu da yawa suna jin shirin nan.

Ni tela ne a Kaduna, shekarata 31, ina da mata da yara biyu. Matsalata caca ce, wannan ta ƙwallo da ake yi a waya. Da naira 200 na fara kaman wasa, yanzu shekara biyu kenan, ina kan keke ina ɗinki amma ido na kan waya ina duba wa ya ci wa ya faɗi, har kuɗin zip da lainin da kwastoma ya bani sai in zuba ciki in ce gobe zan mayar. Abinda ya fi damuna shine ni ne ma'ajin ƙungiyar matasa a cocinmu kuma na taɓa dubu 85 daga ciki, ba wanda ya sani, matata ma bata sani ba.

Ran Larabar Toka na yi alkawari na daina, na goge komai daga wayata, kwana 11 kacal na yi na koma. Tun daga nan ban ƙara cin Jibin Ubangiji ba, in mutane sun tashi layi sai in sunkuyar da kai kaman ina addu'a.

Toh sai ga Lahadin da ke bin Ista, wadda muke ce ma Lahadin Jinƙan Allah. Da ƙyar ma na je. Aka karanta Yohanna sura 20, almajirai sun kulle ƙofa don tsoro, mutanen da suka gudu suka bar Yesu ranar da aka kama shi, ya shigo bai yi musu gori ba ko kalma ɗaya, cewa yayi salama a gare ku. Fadanmu yace Paparoma John Paul na biyu ne ya kafa ranar nan wa duk Ikilisiya a shekarar 2000 lokacin da ya ayyana Sista Faustina 'yar Poland cikin tsarkaka, kuma don irin masu jin kunyar ɗaga kai aka yi ta. Baba ina kallon hoton nan na Yesu mai haske ja da fari, an rubuta Yesu na dogara gare ka a ƙasa, hawaye kawai naji, babban mutum dani a benci na baya. Yau kwana 9 ban taɓa caca ba, ƙarfe 3 na rana nakan tsayar da keke in ja rosari.

Amma tsoro nake ji, ai na sha kuka irin wannan na koma. Anya ba wasa nake da jinƙan Allah ba, in yi laifi in ce dama zai yafe? Sannan Fadanmu ya san muryata sarai, shi ne ya sa hannu aka bani ma'aji, laifi ne in je ikirari, wato furta zunubi ga fada, a wani coci? Kuma in na furta dole sai na faɗa ma ƙungiya, ko ya isa in mayar da kuɗin a hankali a ɓoye? Ƙarshen wata mai zuwa za a duba lissafi kuma dubu 20 kawai na haɗa. Matata fa, in fara da ita ne ko in bari sai na biya?

Na gode Baba, a sa ni a addu'a.

Ɗanka daga Kaduna