Sunan mijina yana cikin waɗanda zan gwada, kuma na san abin da zan gani

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaishe ki da aiki, ke da duk waɗanda kuke shirin nan tare. Na daɗe ina sauraronki, galibi a waya cikin dare idan marasa lafiya sun samu barci. Roƙona na farko shi ne a sakaya sunana, kada kuma a nemi sanin garin da nake, domin ƙaramin wuri ne, kowa ya san kowa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Shekara 11 ke nan ina aiki a asibitin wani gari da ba shi da abin dogaro sai haƙar zinariya. Kamfanin da ke haƙar shi ya gina asibitin, shi ke biyan albashinmu, shi ke sayen magani da man janareto. Maigidana ma ma'aikacinsu ne, shekararsa 14 yana shiga rami, shi ke riƙe injin huda dutse. 'Ya'yanmu uku, gidan da muke ciki kuma na kamfani ne. Na fara da wannan ne don ki san ta inda igiya ta ɗaure ni.

Mu shida ne muke juya ɗakunan kwanciya biyu da ɗakin gaggawa. Dutin dare mutum biyu ne, wani lokacin ɗaya idan wata ta tafi hutun haihuwa. A takarda awa 12 ne, amma idan jiniyar rami ta yi kuka babu mai duba agogo. Duk macen da ke garin nan ta san wannan kukan, kafin ki ankara bakin ƙofar asibiti ya cika da mata, wata ko takalmi babu. Ni ina ciki ina haɗa ƙarin ruwa, hannuna yana aiki, idona yana kan ƙafafun waɗanda ake shigowa da su, don na san takalmin mijina tun kafin in ga fuska. Ban da ma'aikatan kamfani, akwai masu tonon kansu a bayan gari, waɗanda ke ƙona zaiba don ware zinariya. Su kan zo hannu na karkarwa, dasashi a kumbure. A takarda asibitin ba nasu ba ne, amma ba ma korar su.

Bara ƙasa ta rufta wa wani yaro da bai kai shekara 25 ba, dutse ya danne masa ƙafafu sama da awa huɗu. A irin wannan, karayar ba ita ce abin tsoro ba. Naman da ya daɗe a matse, da zarar an ɗage nauyin sai ya saki guba da sinadarin fotasiyam cikin jini, zuciya na iya tsayawa, ƙoda na iya toshewa. Shi ya sa ake so a fara sa wa mutum ruwa tun yana ƙarƙashin dutsen. Ni aka tura. Na sa hular kwano, na sauka da ledar ruwa a hammata, na durƙusa cikin laka ina laluben jijiya da hasken fitilar goshi, shi kuwa sai tambayata yake ko an gaya wa mahaifiyarsa. Kwana uku fitsarinsa kamar ruwan tsatsa, amma Allah ya yi da sauran kwanansa. Ba na kuka da irin wannan aikin, shi na karanta, kuma ranar da aka sallame shi na koma gida zuciyata fes.

Abin da ke hana ni barci ƙura ce, Anti. Dutsen da zinariya take ciki cike yake da wani yashi da ake kira silika. Idan aka huda shi, ko aka fasa da nakiya, ko aka niƙa, sai ya tashi da ƙura mai laushin da ido ba ya gani, ita ce ke wucewa can ƙasan huhu ta zauna. Jiki ba ya iya fitar da ita, sai dai ya yi ta yin tabo a kewayenta har huhun ya taurare. Likitoci suna ce wa ciwon silikosis, ma'aikatan kuwa sai su ce wa juna, "rami ya ci ƙirjin wane". Yakan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ya bayyana, amma inda ƙurar ta yi yawa shekara 5 ma ta isa. Ba shi da magani, kuma ko mutum ya bar aikin tabon na iya ci gaba da yaɗuwa. Ga shi yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Shi tarin fuka muna da maganinsa, wata 6 ne, kala huɗu a wata biyun farko, sannan kala biyu a sauran wata huɗun. Mutum zai daure ya shanye, gwajin kaki ya nuna babu ƙwayar cutar, amma numfashi ya ƙi dawowa. Sai ya zo ya tsaya a gabana yana haki ya ce, "Sista, ba kin ce na warke ba?"

Abin baƙin cikin shi ne an san yadda ake kare mutane. A sa ruwa a bakin injin don ƙurar ta kwanta, a gyara fankokin da ke zuƙe iskar rami, a ba da takunkumi mai kyau a riƙa canja shi. Amma idan bututun ruwa ya fashe ba a tsayar da aiki, su kansu ma'aikatan ba sa so a tsayar, don alawus ɗinsu yana bin yawan abin da suka huda. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙaddamar da shirin kawar da ciwon nan zuwa shekarar 2030. Mu a wurinmu, gadaje huɗun da ke kusa da tukwanen oksijin ba su taɓa kwana babu kowa ba.

Yanzu ga inda na shigo ciki. Duk shekara ana yi wa masu shiga rami gwajin lafiya: hoton ƙirji, gwajin kunne, da gwajin hura iska, inda mutum zai cika ƙirjinsa ya hura cikin bututu da iya ƙarfinsa, na'ura ta auna yawan iskar da ya fitar. Shekara uku ke nan ni ce a kan wannan na'urar. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce a samu hurawa uku masu kyau, a rubuta mafi kyawunsu. Tsakani da Allah, babu wanda ya taɓa ce mini in rubuta ƙarya. Sai dai idan lambar ta yi ƙasa, shugabarmu ta leƙo ta ce, "A sake gwada shi mana, ƙila bai hura da kyau ba." Idan an sake bai canja ba, sai ta ce, "Bar gurbin, likita zai cike." Likitan sau biyu yake zuwa a wata. Na sha buɗe fayil ɗin da na bar gurbi a ciki in tarar da lambar da ba daga na'urata ta fito ba, ga kuma sa hannuna a ƙasan shafin.

Da daga sama kaɗai matsin yake zuwa, da da sauƙi. Masu ciwon da kansu ne suke roƙona. Akwai wani dattijo da ke ce mini 'yata, mutum mai kamala, kullum shi ke fara gaisuwa. Ana gobe za a gwada shi ya zo har ƙofar gidana bayan isha'i, ya ƙi shigowa, ya tsuguna ya cire hula. Ya ce, "'Yata, ki rufa mini asiri. Saura shekara biyu in gama, yarinyata tana ajin ƙarshe. Idan kika rubuta za su ce ban dace da rami ba. Aikin sama ba kowa ake ba wa ba, gidan ma cewa za su yi in tashi." Ko wannan 'yar maganar sai da ya tsaya sau biyu ya ja numfashi. Washegari na bar gurbin, ba tare da kowa ya ce in bari ba.

Bayan wata 14 shi ne a gado na biyu. Na'urar auna oksijin na jini da muke maƙalawa a yatsa tana nuna 84, alhali lafiyayye 95 ne zuwa sama. Ba ya iya kwanciya, a zaune yake kwana, goshinsa a kan teburin gado, ni nake sa masa filo a ƙarƙashi. Da Allah ya karɓi abinsa, matarsa ta je neman diyya. Aka buɗe fayil aka nuna mata: shekara bayan shekara lafiya ƙalau, sai tarin fuka a ƙarshe, da kuma taba, wadda ya bari tun kafin a haifi yarinyar. Ko sisi ba ta samu ba. Har gobe idan muka haɗu a hanya sai ta riƙe hannuna tana sa mini albarka, wai na kula da mijinta kamar mahaifina. Anti, ba na iya kallon idonta.

Daga baya na karanta abin da ya faru a Afirka ta Kudu, inda a 2018 kamfanonin haƙar zinariya shida suka amince za su biya rand biliyan 5, wato kuɗin ƙasar, ga ma'aikatan da ciwon ƙura da tarin fuka suka kama, kotu kuma ta tabbatar da yarjejeniyar a 2019. Ba yawan kuɗin ne ya tsaya mini a rai ba. Mai neman haƙƙinsa a can sai ya zo da shaidar ya yi aikin, da shaidar ciwon. Ashe takardar nan da nake ɗauka ta wucin gadi ce, ita ce gadon marayu. Tun daga ranar na sayi ƙaramin littafi, duk wanda na gwada sai in kwafi ainihin lambarsa da kwanan wata. Wata 8 ke nan, yana ƙasan akwatina. Ban gaya wa kowa ba, kuma ni kaina hankalina bai kwanta da shi ba, domin sirrin mara lafiya amana ce, ban kuma nemi izinin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Maigidana ya fara tari tun bara. Idan muna hawa tudun da ke hanyar gidanmu sai ya tsaya a tsakiya ya sunkuya kamar mai gyara takalmi, yana zaton ban lura ba. Cikin dare na kan zauna a gefensa da agogon aikina in ƙirga numfashinsa. Babba mai lafiya 12 zuwa 20 ne a minti ɗaya, nasa 24, yana barci. Na roƙe shi mu je wani asibiti da ba na kamfani ba a ɗauki hoto, ya ce shi lafiyarsa lau, sanyi ne. Na sa yayansa ya yi masa magana, ya yi fushi na kwana uku, ya ce na kai shi gaba. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba sai a kan wannan. Na san tsoro ne, ba taurin kai ba. Abokan da suka fara aiki tare, da hannunsa ya sa biyu a kabari.

Makon jiya aka liƙa jerin sunayen gwajin bana. Sunansa na 17, saura mako uku. Da daddare ya ce, "Ke nas ce a asibiti, amma a gida matata ce. Idan suka cire ni, ina za mu kai yaran nan?" Na yi shiru. Sai ya ƙara da maganar da har yanzu take cin raina: "Abin da kika yi wa wasu, ba za ki yi wa mijinki ba?"

Mahaifiyata ta ce in nemi canjin wurin aiki in kwashe yara, shi ya biyo mu idan ya ga dama. Wata abokiyar aikina da na ɗan buɗe wa cikina ta ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in rufe bakina in ci gaba da karɓar albashina. Zan iya cewa a ba wa wata ta gwada shi, kuma a ƙa'ida haka ya kamata tunda mijina ne, amma na san ita ma gurbin za ta bari, ya koma rami da takardar lafiya ƙalau, ni kuma in ce ba hannuna. Na yi tunanin kai littafin ga ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya ko ga masu binciken lafiyar ma'aikata. Sai in tuna sa hannuna ne a kan fayilolin nan, lasisina ne zai fara tafiya, kuma maza da yawa da suka amince da ni za su wayi gari babu aiki, su ce ni na jawo musu.

Don Allah Anti ki ba ni shawara, ke da masu sauraro, musamman idan akwai ma'aikaciyar jinyar da ta taɓa tsayawa inda nake tsaye. Ta yaya mace za ta shawo kan mijin da ya fi tsoron rasa aiki a kan rasa numfashi, ba tare da ta taɓa masa mutunci ba? Littafin nan in ƙona shi, ko in fitar da shi, kuma ga wa? Ita kuma matar dattijon, akwai haƙƙinta a wuyana, na sani. In je in same ta in gaya mata abin da na gani a na'urar ranar, ko da hakan zai sa ta daina riƙe hannuna?

Idan da hali a karanta wasiƙar nan kafin mako ukun su cika. Wannan watan duka dutin dare nake, zan kasance ina sauraro.

Taki,
Wata ma'aikaciyar jinya