Godiya ga shagon gyaran agogo da rediyo da ke raya mana ƙananan jiragen ƙasa a Gusau

Assalamu alaikum Baba, da ku da yaran shago baki ɗaya. Ya kasuwa, ya jama'a, ya kuma haƙuri da irinmu.

Na san da shawara na yi da ku ba za ku bari in rubuta wagga wasiƙa ba, cewa za ku yi ai aikin da anka biya ku ne kunka yi, to amma yabon gwani ya zama dole, kuma ba da bakina ni kaɗai nake magana ba, har da ƴan uwana masu wannan jaraba ta ƙananan jiragen ƙasa, na nan Gusau da na Ƙaura, da wani abokinmu da ke aiko nashi daga Birnin Kebbi a motar haya cikin kwalin takalmi an cusa mashi tsumma. Ban sa sunanku ba don na san ba ku son haka.

Ga wanda bai sani ba, ba jirgin roba mai batir nake nufi ba wanda ake saya wa yara da salla ya kwana biyu ya mutu. Waɗanga jirage ne da ake ƙerawa bisa ma'auni, komi na babban jirgi an rage shi daidai gwargwado. Akwai HO wanda aka rage kashi 1 cikin 87, akwai OO na mutanen Ingila kashi 1 cikin 76, duk su biyun a dogo ɗaya suke tafiya mai faɗin milimita 16.5, sai ƙaninsu N da dogonshi milimita 9 ne kacal. Wuta ta cikin dogon take bi, ƙafafun jirgin su ɗauka su kai wa ɗan moton da ke ciki. Mafi yawan namu na hannu ne, wani ɗan uwa ya taho da shi daga karatu, wani a kayan gwanjo anka tsinto shi, wani kuma ya danne zuciya ya yi oda ya biya kuɗin jirgi da na kwastan da sun kusa kamo kuɗin kayan. Shi ya sa in abu ya lalace mana ba maganar mayar wa kamfani, takardar garantin nan ado ce kawai a hannun mutumin Zamfara.

To a nan kunka shigo Baba.

Kan jirgin da na fara kawo maku tsoho ne, in yana tafiya sai ka ji ƙas ƙas ƙas yana ɗingishi kamar jakin da ƙaya ta soke, in ya zo kwana kuma ya cije. Ni duk zatona moto ne ya ƙone. Kunka shimfiɗa farin ƙyalle bisa tebur, kunka maƙala gilashin nan na ido ɗaya, duk sukurun da kunka kwance sai ku jera shi kan maganaɗisun tsohuwar sifika bi da bi yadda ya fito, ba ku ce uffan ba sai da kunka juya ƙafar da yatsa a hankali kunka ce in matso in gani. Ashe ƴar giyar roba ce, wato ɗan faifan nan mai haƙora da ke kan sandar ƙafa, ta tsage, tsagar ko gashin kai ya fi ta kauri, amma ta buɗe tsakanin haƙora biyu shi ne duk zagaye ɗaya sai ta yi tsalle. Kunka ce roba ce anka matsa a kan ƙarfe, shekaru na tafiya tana motsewa shi kuma ƙarfe ba ya motsewa, dole wata rana ta fashe. Kunka zazzage gwangwanin nan naku mai cike da giyoyin tsofaffin kaset da agogon bango, kuna ƙirga haƙora da bakin allura har anka dace da mai adadi ɗaya, kunka faɗaɗa ramin kaɗan kunka zauna da ita. Kuma abin da ya fi burge ni kunka gaya mani gaskiya cewa wagga ba tata ba ce, za ta yi aiki amma kar in jibga mata taragai da yawa. Har yau tana tafiya.

Wallahi abin da muke ta roƙon kamfanonin da ke ƙera jiragen nan ke nan, ba wani abu mai wuya ba. Su yi abin da za a iya buɗewa. Wani kan jirgin sukuru huɗu ne ka ɗaga jiki ka ga komi, wani ko duk maƙalai ne na roba a ɓoye da gam, sai ka sa farce da kati kana addu'a, kafin ya buɗe ka ɓalle tsani ka ɓalle fitila. Su sa takardar da ke nuna kowane ɓangare da lambarshi a cikin kwali. Sannan su ajiye kayan gyara, giya da kabon moto da ƙafafu da robar ƙafa, ba wai a fitar da jirgi bana baɗi ka nemi giyarshi a ce an daina ba. Mutum bai sayen irin wanga abu don shekara ɗaya, wasu jikokinsu suke bar wa. Märklin ta Jamus tun 1859 take, Lionel ta Amurka tun 1900, Hornby ta fara jiragenta a 1920, duk sun san masu sayen kayansu ba masu yarwa ba ne.

Akwai kuma ranar da kunka ƙi karɓar aiki, ita ma ina godiya a kanta. Na abokinmu ne na Ƙaura, jikin jirgin ya fara tsagewa da kanshi ba wanda ya yar da shi. Da kunka buɗe sai ga ƙarfen shasin, wato gindin da moto da ƙafafu ke zaune a kai, ya kumbura ya yi zane zane, kunka taɓa gefe da tsinke sai ya marmashe. Cuta ce ta ƙarfen tutiya da ake zuba shasi da shi, in an samu gurɓatar dalma a cikin haɗin tun a masana'anta to a hankali yake kumbura yana ruɓewa daga ciki, damshi na ƙara mashi gudu, kuma ba ta da magani. Wani da sai ya cika shi da gam ya karɓi kuɗi ya sallame mu. Ku ko kunka ce a cire moto da ƙafafu da fitilu a ajiye za su yi wa wani amfani, ko kuɗin dubawa ba ku karɓa ba. Wannan laifi ba na mai saye ba ne ko kaɗan, tun wajen narka ƙarfe anka yi sakaci, kuma kamfanin da ya san darajar sunanshi ya kamata ya canza wa mutane ko bayan shekara nawa ne.

Yanzu abin da ake yayi shi ne ado. Kowace ƴar waya, kowane marfi, har kujerar direba da agogunan gabanshi an yi su, a hoto abin gwanin sha'awa. Ni ma ina so, ƙarya ne in ce ba ni so. Amma fankam fankam ba shi ne kilishi ba, wani ka fito da shi daga kwali tun bai taka dogo ba ka ga ƴan tarkace sun zube a ƙasan leda. Mu a wajenmu jirgi mai kyau shi ne wanda za ka murɗa wuta kaɗan ya tashi a hankali, ya ja taragai yana rarrafe ya ratsa mararrabar dogo bai yi shaƙuwa ba. Gudu kowane tarkace na iyawa. Kuma ku kunka fahimtar da mu abin da ke kawo haka, ya zamana duk ƙafafun na ɗaukar wuta ba biyu ko huɗu ba, a sa filawil, wato ɗan dunƙulen ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da moto, don in wuta ta ɗan yanke nauyinshi ya tura shi gaba, jirgin kanshi kuma ya yi nauyi ya danne dogo. Wanga ba abu ne da ake gani a hoton talla ba, sai an kife jirgi.

Balle mu da ƙurar hunturu. Masu ƙera abin nan ina jin a ɗaki mai kafet da taga a rufe suke gwaji, mu ko daga Disamba zuwa Fabrairu ka share dogo da safe da la'asar ka sa yatsa ka yi rubutu. Ku kunka hana mu goge dogo da sanfefa, kunka ce tana barin ƙananan zane da datti ke maƙalewa, a sa sifirit da tsumma mai laushi. Ku kunka ce dogon baƙin ƙarfe a bar shi don da damina tsatsa zai yi, a nemi na farin haɗin nan na tagulla da nikel. Mai kuma ɗigo ɗaya a bakin allura, irin na agogo, ba baƙin mai na mashin da wani cikinmu ya taɓa ɗurawa ya kawo maku jirgi yana naso ba (ya san kanshi). Da kamfanoni za su riƙa rufe akwatin giya ta ƙasa da kyau da sun rage mana rabin wahala, wasu a buɗe suke barinshi yana kwasar ƙura da gashi.

Sai maganar dijital, wadda ake ce wa DCC. A tsohon tsari wutar dogo kake ƙarawa ko ragewa daga sifili zuwa bolt 12, duk jirgin da ke kan layin tare za su tashi. A sabon tsari ana sa wa kowane kan jirgi ƴar dikoda, wato ƴar na'urar da ke karɓar umarni ta cikin dogo, kowace da lambarta, sabuwa da lamba 3 take zuwa sai ka canza, ka tuƙa wannan ka bar wancan a tsaye da fitila kunne. Kamfanin Lenz na Jamus ya faro tsarin, ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka NMRA, wadda anka kafa a 1935, ta maishe shi ƙa'idar kowa a farkon shekarun 1990, shi ya sa dikodar wani kamfani ke jin umarnin na'urar wani. Wanga abu ya yi, haka muke so. Inda gizo ke saƙa shi ne soket ɗin da ake soka dikodar, wani mai fil 8, wani mai 21, wani Next18, wani ma an rubuta a kwali cewa a shirye yake amma ka buɗe ba wurin da dikodar za ta zauna balle sifika. Tsofaffin namu ko soket ɗin babu. Babban yaronku shi ya zauna ya like mana da dalma, ja da baƙar waya zuwa ƙafafu, mai ruwan lemo da toka toka zuwa moto, kuma kafin ya ba da wuta sai da ya sa mita ya tabbatar moton bai taɓa shasi, don in ya taɓa nan take dikoda ke ƙonewa. Ya ƙara mana da kafasito mai riƙe wuta na ɗan lokaci, tun daga nan ko an bi ta kan ƙura sauti bai yankewa. Allah ya yi wa yaron nan albarka, hannunshi bai rawa. Sautin kanshi muna so kamfanoni su bar shi zaɓi, mai hali ya sayi mai kuka da usur, marar hali ya sayi shiru ya ƙara daga baya.

Shi dai yaron ne ya tare wata taransifoma da anka kawo daga Amurka ana shirin soka ta a bango, ya karanta jikinta ya ce ta bolt 120 ce tamu ko 230. Cajar waya ma yanzu daga 100 zuwa 240 take ɗauka, mi zai hana su yi haka. Haka kunka gane wani kan jirgi na Märklin da muke zaton matacce ne, kunka nuna mana ƴar tasar ƙarfe da ke ƙarƙashin cikinshi kunka ce wanga nashi dogon daban ne mai ƙusoshi a tsakiya, ba zai yi a namu ba. Ƙugiyoyin haɗa taragai ma haka, ta Ingila daban ta Turai daban ta Amurka daban, ku ke lanƙwasa mana waya a samu a ja.

Abu ɗaya da ke ci mani rai, duk katalogin kamfanonin nan da na taɓa buɗewa ban ga jirginmu ba. Dogon da ya taso daga Zariya ya biyo Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaurar Namoda tun 1929, can ya tsaya, ya kwashi gyaɗa da auduga da fatu shekara da shekaru, kakanninmu da yawa a reluwe sunka ci abinci. Faɗinshi milimita 1067 ne, ya fi na Abuja zuwa Kaduna da anka buɗe a 2016 ƙanƙanta, shi wancan 1435 ne. Kuma irin faɗin namu shi ne na yawancin layukan Japan, su ga kamfanoninsu Kato da Tomix nan suna ta ƙera nasu jiragen kashi 1 cikin 150. Na san kamfani kasuwa yake bi kuma mu ba mu da yawa, to ko jiki fari marar fenti su riƙa fitarwa mu shafa kore da rawaya da kanmu. A HO in kana son faɗin namu ya fito daidai dogo mai milimita 12 za ka nema, kuma da na kawo maku wagga magana ba ku yi mani dariya ba kamar mutanen gidanmu da ke cewa babba da wasan yara, cewa kunka yi in samo ƙafafun mu gani ko sandar za ta matsu.

To Baba ƙafafun sun iso, da falankin filawud mai ƙafa 8 da 4 da za mu yi tashar Ƙaura a kai, in Allah ya kai mu Asabar bayan azahar zan shigo da su. Roƙona ɗaya, kuɗin da kuke karɓa wajenmu ya yi kaɗan, aikin da ke cinye maku yini bai kamata a biya shi kuɗin canza batirin agogo ba, mun yi magana da sauran kuma duk mun yarda, dan Allah wannan karon kar ku maido mana canji.

Allah ya ƙara lafiya da hasken ido, ya albarkaci shago da zuri'a, ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. A gaida yara.

Naku,
ɗanku mai kawo jirage a kwali, a madadin sauran, daga Gusau.