Wasiƙa daga Luton: maganar malfar nan mai karkataccen baki

Luton, Ingila

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya iyali, ya kasuwa, ya kuma jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi. Saƙonka ya same ni a wurin aiki cikin dare, ina buɗe hoton na kama dariya ni kaɗai har na kusa da ni ya waigo. Wato kai da ka shekara ashirin kana wankin hula, zanna da damanga da tangaran ba wadda ba ta bi ta hannunka ba, yau malfar Bature guda ɗaya daga gwanjon Ƙofar Wambai ta hana ka sakat. Na ga bakin nata kuwa, kamar faifan da aka manta a tsakar gida ruwa ya kwana yana dukansa.

Tun kafin in yi nisa: kada ka tsoma ta a ruwa, kada ka sa mata sitati, kada kuma ta ga sandar bugu. In mai ita ya matsa maka, ka ce ya ƙara kwana uku.

Dalili shi ne wannan ba saƙa ba ce. Gashi ne, na tumaki ko na zomo, aka yi ta cuɗawa da danshi da zafi har ya sarƙe ya zama ƙyalle, babu zare ko ɗaya a ciki. Ka ɗauko hular dara ka shafa, ai ka ji irin jikin. Danginsu ɗaya, dara dai ba ta da baki ne, shi ya sa ba ta taɓa ba ka wahala ba. Sai da na zo nan ma na san cewa garin Strakonice na ƙasar Cek ya shahara da yin dara tun ƙarni na 19, kuma daga can ake kai wa ƙasashenmu. A cikin ƙyallen malfar akwai wani abu mai kama da ƙaro da ake kira shalak, wanda wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan. Shi ke ba ta tauri. Ya ji zafi ya saki, ya huce ya sake kamewa a yadda ya samu kansa. Duk aikin a nan yake: ka sa ta saki da tururi, ka riƙe ta yadda kake so, ka bar ta ta huce.

Za ka ce ina na san wannan. Garin da nake zaune garin masu hula ne. A shekarun 1930 hular da ake yi a Luton takan kai miliyan 70 a shekara, har ƙungiyar ƙwallonsu ma da sana'ar ake yi mata laƙabi. Yanzu masana'antun kaɗan suka rage, sai tarin huluna a gidan tarihi na Wardown. Wata tsohuwa maƙwabciyata a irin wannan masana'anta ta yi ƙuruciyarta. Ran nan na taya ta kwashe kaya daga ɗakin ajiya, sai ga wani gungumen katako mai siffar kai. Na ce mata a garinmu ma masu wankin hula da irinsa suke aiki. Ta ji daɗin maganar, ta ce in ɗauka. Daga nan abin ya shige ni.

Malfa ta farko da na yi da kaina, bari kawai. Na sayo ɗanyen ƙyallen, wanda ke zuwa kamar ƙwarya mai faffaɗan baki, na turara shi a bakin butar shayi, na ja shi a kan gungumen da ƙarfin tsiya, na ɗaure gindin ƙoƙon, wato inda kai ke shiga, da igiya. Har nan lafiya lau. Da na zo kan bakin sai na ɗauki dutsen guga na dinga gogewa daga ciki zuwa waje, yadda muke yi wa hannun riga. Washegari bakin ya tashi yana hawa da sauka. Na ƙara guga, ya ƙara lalacewa. Na kai wa tsohuwar, ta juya ta sau ɗaya a hannu ta ce na miƙar da gefen ne, tsawonsa ya fi ƙarfin da'irar, to abin da ya yi saura ina zai je in ba sama da ƙasa ba? Ka tuna yadda bakin tabarma ke yi in mai saƙa ya ƙara kaba fiye da ƙima. Haka ne sak.

Ga yadda ta nuna min, kuma ina jin shi taka take bukata. Ka goge ƙurar da buroshi mai laushi tukuna, don tururi kan danne datti a cikin gashin. Ka ɗora buta har ta fara huci sosai, ka kanga bakin malfar wajen taki ɗaya daga bakin butar, ɗan yanki kaɗan, har ka ji ya yi laushi a yatsa. Ka kwantar da shi a kan katako mai santsi, ka shimfiɗa farin ƙyallen auduga mai ɗan danshi a kai, sannan ka ɗora dutsen guga. Ɗorawa za ka yi ka ɗaga, ba ja ba. Kana bin zagayen malfar, kana ɗan tura gefen ciki da yatsunka kamar mai tattara tsaba, gashin zai koma ya matse. Na san dutsen gawayi gare ka, to ka bari wutar ta faɗa. Ulu in ya ƙone ya yi sheƙi, shi ke nan, ba mai dawo da shi. In ka zagaye, ka ɗora mata abu mai nauyi mai faɗi, ka bar ta a inuwa ta kwana. Ban da rana, ban da kusa da murhu. Ni nan sai na yi kwana biyu ina jira saboda danshin ƙasar, kai kuwa da iskar hunturun Kano wuni ɗaya ya ishe ka.

Amma ka dubi hoton nan da kyau kafin ka daddanne ta duka. Ɗagowar da bayan ya yi da gangan ne, haka ake yin irinta, baya a ɗage, gaba a ɗan sunkuye. Gefen hagu ne kawai ya lalace. Kada ka miƙar da ita tas ta koma kamar murfin tukunya, mai ita ya zo yana yi maka faɗa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a kan ta biyu ya faru. Na bi duk ƙa'ida, a kan tebur bakin ya kwanta lif, ba abin da za ka kushe. Ina sa ta a kai sai ya murɗe. In cire ya miƙe, in mayar ya murɗe. Mako guda ina guga ina tururi a banza, ashe laifin ba a bakin yake ba sam. Gungumen tsohuwar ya fi kusa da zagayayye, ni kuwa ka san kan nawa, dogo ne gaba da baya, ba yau kuka fara yi min tsiya a kansa ba. Awon ɗaya ne, santimita 58, amma siffar ta bambanta. Kaina na tura ƙoƙon gaba da baya, gefe da gefe na shigowa, bakin kuma dole ya bi. Sai da na liƙa wa gungumen kwali gaba da baya, na sake turara gindin ƙoƙon na zaunar da shi a kai, sannan aka zauna lafiya. Don haka in mai malfar ya zo, ka sa ya saka ta a gabanka. Katakan naku na zanna zagayayyu ne, kada ka cusa ta a kansu haka kawai.

Ka kuma leƙa cikinta. Akwai fatar da ake zagayawa a ciki don gumi. Kayan gwanjo sun sha zafi da matsi a cikin dila, fatar kan bushe ta tsuke, ta ja ƙyallen, bakin ya yamutse. In ka ga haka, warware ɗinkin fatar ya fi guga ɗari amfani. Ka gyara malfar ba fata, daga baya ka mayar ko ka sa sabuwa daidai awon kan.

In duk ka yi wannan bakin ya kwanta amma ya yi laƙwas, shalak ɗin ne ya gaji. Ana jiƙa sabon shalak a sifirit, tsararo, a shafa ta ƙarƙashi da buroshi, a bari ya bushe sarai kafin a sake kusantar tururi. Masu fentin kayan katako sun san shi. Ka gwada a ɗan lungu tukuna, kuma ka yi nesa da wuta don sifirit ba ya wasa. Wasu kan ɗinka waya a gefen su rufe da ƙyalle. A hular mata ta biki ya yi, amma a malfar namiji ni ba na so, da zarar ta lanƙwashe sau ɗaya sai ta riƙe lanƙwasar. Yanke gefen da reza kuwa, bayan an zana da alli, yana magani in miƙewar ta yi yawa, sai dai kada ka taɓa sai da izinin mai kaya.

In ka miƙa masa, ka gaya masa ya riƙa ajiye ta a kife, ƙoƙo a ƙasa baki a sama, in ba haka ba wata biyu zai sake dawo maka da ita. Kuma kada ka karɓi kuɗin wankin zanna a kan wannan aikin.

Ka turo min hotonta in ta bushe. In Allah ya kawo ni da babbar salla zan taho maka da ɗanyen ƙyalle guda biyu mu gwada tare a rumfarka, kai kuma ka ajiye min damanga mai ruwan ƙasa, ka san awon. Ka gaida Baba da Hajiya da uwargida, ka shafa min kan yara.

Naka har kullum,
amininka na Luton