A riƙa koya wa masu jinya ɗaga mara lafiya kafin a yi sallama

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan ɗaga mara lafiya da juya shi, abin da gidaje da yawa ke fama da shi amma ba a cika zancensa ba. A asibitocinmu nas-nas sun yi kaɗan, allura da magani da wankin ciwo ma sun ishe su, to ɗagawa da kaiwa banɗaki da canza zanin gado duk a kan mai jinya suke, kuma galibi mace ce, ko matar mutum ko 'yarsa ko suruka, wani lokacin ma yarinyar da ake biya a wata. Ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake yi. Ranar sallama a miƙo takardar magani a ce Allah ya ƙara sauƙi, shi kenan.

Wadda ta fi damuna ita ce ɗagawar nan ta zura hannu a hammata a finciko mutum sama. Wallahi ɓarna ce, musamman ga mai shanyewar ɓarin jiki, don naman da ke riƙe kafaɗar ɓarin da ya shanye ya riga ya saki, kana jan hannun sai gaɓar ta goce, ya zo yana kukan kafaɗa wata da watanni a ce ai ciwon ne ya ƙaru, wasu ma su kira mai ɗori. Ita kuma mai jinyar ta sunkuya ƙafa a miƙe, ga katifa a ƙasa, ta ɗauko dattijo mai kilo 60 tana murɗa ƙugu, safe da rana da dare. In bayan ya riƙe sai ta ce sanyi ne, ta aika kemis a sayo diclofenac tai ta sha, alhali yawan shansa na taɓa ciki da ƙoda. Jinyar mutum ɗaya ta koma ta biyu.

'Yan uwanmu da suka tafi aikin kula da tsofaffi a Ingila sai an ba su horo kafin su fara ɗaga kowa, akwai doka a kan ɗaukar nauyi a wurin aiki tun 1992, kuma wanda ba ya iya tsayuwa da na'ura ake ɗaga shi. A Amurka ma hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a wurin aiki ta ce abin da ma'aikaci zai ɗauka na jikin mara lafiya kar ya wuce wajen kilo 16. Na san ba mu da na'urar, amma sauran ai ba sai da kuɗi ba.

Zani mai ƙwari a ninke shi a shimfiɗa ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su kama gefe da gefe su ja tare, ya fi fincika sau dubu. Ke mai jinya, ki matso jikinsa, ki ware ƙafa, ki lanƙwasa gwiwa ba baya ba, in za ki juya ki juya da ƙafafuwanki. In za a ɗora shi a keken mara lafiya, a ajiye keken ta ɓarinsa mai lafiya, a ja birki, a faɗa masa abin da za a yi, a ƙirga ɗaya biyu uku ya taimaka da abin da zai iya, kuma kar a bari ya rataya a wuyanki. Wanda ba ya motsi a juya shi kamar duk awa biyu saboda gyambon kwanciya. In ya faɗi kar a yi saurin ɗaga shi, a duba ko ya karye tukuna.

Su kuma 'ya'ya maza masu zuwa dubiya da ledar lemo da ayaba su yi minti goma su wuce, ɗaga Baba daga gado zuwa kujera ba abin kunya ba ne, a raba kwana mana.

Roƙona ga shugabannin asibitoci, kar a sallami wanda ba ya iya tashi da kansa sai ma'aikacin fisiyo, wato mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ya nuna wa mai jinyarsa a aikace, ita ma ta gwada a gabansa. Gidajen rediyo masu shirin lafiya su ma dan Allah su gayyato 'yan fisiyon su yi bayani da Hausa.

Wassalam,
Mai karatunku daga Kano