Zuwa ga kwastomominmu, game da sabon injin sassaƙa

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa. Da farko dai a yi haƙuri, mun san akwai waɗanda aikinsu ya yi jinkiri kwanakin nan, musamman masu kayan ɗakin amare, to dalili shi ne mun duƙufa ne wajen haɗa injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, da hannunmu, kuma Alhamdulillah ya tashi.

Na China wallahi kuɗinsa ya fi ƙarfinmu, ga dakon kawo shi daga Legas, shi ya sa muka je Ƙofar Ruwa muka sayo ƙarfe aka yi waldar gangar jikin a nan shago, wayoyi daga Sabon Gari, ƙananan motocin lantarki masu motsa injin (NEMA 23) da sifindul mai 2.2kW, wato abin da ke juya haƙorin sassaƙa, su ne kawai muka yi odarsu daga waje. Ƙwaƙwalwarsa ɗan allon lantarki ne da ake kira Arduino, bai kai tafin hannu ba, shi ke karanta zanen da aka yi a kwamfuta ya tura haƙorin gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Yana ɗaukar fallen filawud ko MDF guda, ƙafa 4 da 8.

Mun sha wuya kafin ya daidaita. Akwai ranar da muna tsakiyar sassaƙa dagin Arewa a ƙyauren maɗaci aka ɗauke wuta, inji ya manta inda ya tsaya, muna kunnawa ya ratsa tsakiyar dagin, katako mai tsada ya tashi aiki, ranar ba wanda ya iya cin abinci. Tun daga nan duk aiki mai tsawo a janareta muke yi.

Yanzu in ƙofa goma kake so zanensu zai fito iri ɗaya sak, fuskar gado da a da ke cin kwanaki da kurfi yanzu yini ɗaya ta isa. Amma samfefa da haɗi da fenti duk hannu ne har gobe, kuma yaranmu ba wanda muka sallama, biyu ma suna koyon zane a kwamfuta.

Roƙonmu, Alhaji da Hajiya, ku turo hoton da kuke so ta WhatsApp ya fito tar, za mu zana mu nuna muku, ku duba da kyau dan Allah, don in haƙori ya shiga katako ba canji. Mai kawo katakonsa daga Na'ibawa kuma ya zaɓo busasshe, ɗanye yana lanƙwashewa bayan an gama. Wanda yake son ganin injin yana aiki ya leƙo bayan La'asar.

Naku, kafintocinku na nan Kano.